Hoton Ƙashin Ƙafa

A ƙasar Gobir, tun daga Sabon Birni har zuwa Isa, ƙafa ita ce babbar abin hawan talaka. Da ita manomi ke zuwa fadama a bakin Gulbin Rima, da ita makiyayi ke bin shanunsa, da ita yarinya ke kai tallan fura kasuwa. Da dare kuma, in farin wata ya fito, da ita samari ke yin langa da kokawa a dandali. Saboda yawan aikin da take yi, da wuya a shekara ba a ji wani ya gurɗe ko ya karye a unguwa ba.

In haka ta faru, abin da kowa ke so ya sani shi ne, karaya ce ko targaɗe? Tun zamanin da Alkalawa take babban birnin Gobir, maɗora ne ke amsa wannan tambaya. Sukan shafa wurin, su latsa, su saurari kukan mai ciwo, kana su faɗi abin da suka ji. Da yawa daga cikinsu gadon sana'ar suka yi, suna kuwa da gwaninta. Amma hannu ba shi da ido, ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin fata.

A yau akwai na'urar da ke ɗaukar hoton ƙashi yana cikin jiki, ba tare da an tsaga fata ba. Sai dai hoton ma yana bukatar wanda ya iya karanta shi. Dalili kuwa, a cikin ƙafar mutane da yawa akwai waɗansu ƙananan ƙasusuwa masu kama da ɓallin karaya, alhali kuwa ba karaya ba ce, halitta ce.

Yadda ƙafa take a ciki

A jikin babban mutum ana ƙidaya ƙashi 206. Daga cikinsu 26 suna cikin ƙafar dama, 26 suna cikin ta hagu, watau 52 ke nan. Ashe kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwan mutum duk suna daga idon sawu zuwa ƙasa.

Ga yadda aka raba su. A baya akwai ƙasusuwa bakwai masu kauri, an jera su kamar duwatsun harsashin gini. Mafi girmansu shi ne ƙashin diddige. A bisansa akwai wani wanda ƙwauri ke zaune a kai. Ƙasusuwan ƙwauri biyu sun sauko sun riƙe shi dama da hagu, bakunansu ne kuwa tudun nan biyu da ake kira idon sawu. A gaban wannan ƙashi, ta wajen cikin ƙafa, akwai wani mai siffar kwalekwale, irin wanda ake ƙetare gulbi da shi da damina. Masana ma sunan da suka ba shi ke nan, watau ɗan jirgi. Sauran huɗun suna gaba, sun haɗa kai.

A tsakiyar ƙafa akwai dogayen ƙasusuwa biyar, kowane ya nufi yatsa guda. Sa'an nan sai na yatsu, su 14 ne: babban yatsa yana da biyu, sauran yatsu huɗu kowane yana da uku. Bakwai da biyar da 14, sun zama 26.

Ban da waɗannan, a ƙarƙashin gindin babban yatsa akwai waɗansu guda biyu 'yan ƙanana, kowane kamar ƙwayar wake, suna cikin jijiya. Ba a sa su cikin lissafi, ko da yake kusan kowa yana da su. Mutanen dā na ƙasar Girka sun ga suna kama da ƙwayar riɗi, suka sa musu suna ƙasusuwan riɗi. Aikinsu su taimaki yatsan ya tura ƙasa sa'ad da mutum ke tafiya.

Hasken da ke ratsa jiki

In yaro ya rufe bakin tocila da tafin hannunsa cikin duhu, zai ga hannun ya yi ja, domin haske kaɗan ya ratsa naman. Amma hasken tocila ba shi da ƙarfin da zai nuna ƙashi. Akwai wani haske dabam, wanda ido ba ya gani, mai ratsa nama kamar yadda rana ke ratsa farin mayafi.

Wanda ya gano shi wani malamin jami'a ne a garin Wurzburg ta ƙasar Jamus, sunansa Wilhelm Rontgen. Ran 8 ga Nuwamba, 1895, yana gwaji cikin ɗaki mai duhu da wata kwalba da aka zuƙe iskar cikinta, yana sa mata wutar lantarki. Ya lulluɓe kwalbar da baƙar takarda mai kauri. Duk da haka sai ya ga wani allo da ke can gefe yana ƙyalli. Ya gane lalle akwai wani haske da ke fita ta cikin baƙar takardar. Da yake bai san ko wane iri ne ba, sai ya kira shi da harafin X, wanda masu lissafi ke sa wa abin da ba a sani ba tukuna. Daga nan aka sami sunan eksire, wanda a asibiti aka fi kira hoto kurum.

Ran 22 ga Disamba na wannan shekara ya ɗauki hoton hannun matarsa. Ƙasusuwan yatsunta suka fito sarai, har da zoben da ke hannunta. Labari ya bazu cikin duniya, likitoci suka kama aiki da shi. A shekarar 1901 aka ba Rontgen kyautar Nobel saboda wannan aiki.

Hoton nan a gaskiya inuwa ce. Ana ajiye ƙafa a bisa wani faranti, a saki hasken daga sama. Iska ba ta tare shi, saboda haka wurinta yakan fito baƙi. Nama yana tare kaɗan, sai ya fito toka-toka. Ƙashi kuwa yana da wani sinadari mai kama da alli wanda ke tare hasken ƙwarai, shi ya sa yake fitowa fari. A dā sai an wanke hoton cikin ɗaki mai duhu, amma yanzu a asibitoci da yawa a kan allon kwamfuta yake fitowa. Tun da yake inuwa ce, wani ƙashi yakan ɓoye bayan wani. Domin haka akan ɗauki ƙafa ta fuska biyu ko uku: daga sama, daga gefe, da kuma a karkace.

Ɗaukar hoton ba ta da zafi, ba ta kuma daɗewa. Hasken da ake sakar wa ƙafa kaɗan ne, amma in ya yi yawa yana cutarwa, shi ya sa ba a ɗauka sai da dalili. Mai ɗaukar hoton, da yake kullum aikinsa ke nan, yakan laɓe bayan bango ko ya sa rigar dalma, domin hasken ba ya ratsa dalma da sauƙi. Mace mai juna biyu kuwa, dole ta faɗa tun kafin a fara.

Ƙasusuwan ƙari

Kowa ya san ba a halicci mutane iri ɗaya ba. Wani dogo ne, wani gajere, wani yana da wushirya, wani kuma an haife shi da yatsa na shida, har a riƙa kiransa Cindo. Ba wanda ke cewa Cindo ba shi da lafiya. To, yadda mutane suka bambanta a waje, haka suka bambanta a ciki. Mutane da yawa ƙaramin yatsansu na ƙafa ƙashi biyu gare shi maimakon uku. Waɗansu kuwa ƙari suke da shi. Ga guda huɗu waɗanda likitoci suka fi gamuwa da su.

Na ɗaya yana gefen ƙashin nan mai siffar kwalekwale, ta wajen cikin ƙafa, ƙasa kaɗan da idon sawu kuma gaba da shi. Wajen mutum ɗaya cikin goma yana da shi, sau da yawa kuma a ƙafa biyu. A wurin wani kamar ƙwayar dawa yake, a wurin wani ya kai gyaɗa, har a ga tudunsa a waje.

Na biyu yana bayan idon sawu, tsakanin agara da gaɓar da ke lanƙwasa ƙafa. Masana suna kiransa mai kusurwa uku saboda siffarsa. Yakan fara bayyana sa'ad da yaro ke tsakanin shekara 8 da 13. A wurin yawancin yara, ba ya daɗewa sai ya manne da babban ƙashin da ke gabansa, su zama ɗaya. A wurin waɗansu kuwa ba ya mannewa, sai ya zauna shi kaɗai har tsufa.

Na uku yana cikin wata jijiya da ke bi ta gefen ƙafa na waje, ta zagaya zuwa tafin ƙafa. Na huɗu kuwa ba sabon ƙashi ba ne. Ɗaya ne daga cikin ƙasusuwan riɗi da aka ambata, wanda a wurin waɗansu mutane yakan zo a rabe biyu tun asali, sai ka ce an fasa goro.

Waɗannan ƙasusuwa sun rikita har manyan masana. A shekarar 1882 wani likita a birnin Montreal ta ƙasar Kanada, Francis Shepherd, ya sami ɗan ƙashin nan na bayan idon sawu a ware, ya rubuta cewa wata irin karaya ce wadda ba a taɓa bayyanawa ba. Waɗansu masana suka ce a'a, halitta ce. Aka yi ta muhawara. A yau an san duka biyun suna aukuwa: wani nasa halitta ne, wani kuwa ƙashin wurin ne ya ɓalle da gaske. Aikin likita shi ne ya rarrabe.

Yawancin masu ƙashin ƙari sukan yi rayuwarsu duka ba su san suna da shi ba. Amma wani lokaci yakan yi ciwo. Matsattsen takalmi yakan goge na gefen ɗan jirgi har wurin ya yi ja ya kumbura. Ɗan wasan ƙwallo mai yawan miƙe ƙafa in zai yi bugu, yakan matse na bayan idon sawu kamar gyaɗa tsakanin haƙora. Maganin yawanci hutu ne, da sake takalmi, wani lokaci da filasta na 'yan makonni. Ba safai ake kai ga fiɗa ba.

Ƙafar yara

Hoton ƙafar yaro ya fi na babba wuyar karantawa. Sa'ad da aka haifi jariri, yawancin ƙafarsa guringuntsi ce, irin farin abin nan mai taushi da ake tauna a ƙirjin kaza. Guringuntsi kuwa ba ya fitowa a hoto. Daga cikin ƙasusuwa bakwai na baya, biyu ko uku ne kaɗai suka fara ƙwari ran haihuwa. Ɗan jirgi shi ne na ƙarshe, sai yaro ya kai wajen shekara uku yake bayyana.

Har yaro ya girma, akwai siririn guringuntsi kusa da bakin ƙasusuwansa, daga nan ne ƙashi ke ƙara tsawo. A hoto sai a ga baƙin layi ya raba ƙashin, kamar tsaga. Akwai irinsa a bayan diddige. Akwai kuma a gindin dogon ƙashi na biyar, watau tudun nan da ake ji a gefen ƙafa na waje, in aka bi daga ƙaramin yatsa zuwa baya. A wurin nan wani ɗan ɓalli kamar ƙumba yakan bayyana tsakanin shekara 9 da 14, ya yi 'yan shekaru, kana ya manne. Kafin mutum ya cika shekara 20, duk layukan ƙafarsa sun rufe.

Yadda likita ke rarrabewa

Ga misali. A ce wani yaro ɗan shekara 12 a Sabon Birni yana langa da dare, ya taka rami, ƙafarsa ta gurɗe. Kafin gari ya waye ta kumbura, ko taku biyu ba ya iya yi. Ubansa ya ɗauke shi zuwa asibiti, aka ce a yi hoto.

Da hoton ya fito, uban ya leƙa, ya ga wani ɗan ɓalli a gefen waje, ga kuma wani dunƙulalle a gefen ciki, kowane a ware. Hankalinsa ya tashi, ya ce, "Likita, wuri biyu ya karye ke nan?"

Likita ya ce, "Kwantar da hankalinka, Malam. Bari mu duba tukuna."

Da fari ya dubi bakin ƙasusuwan. In ƙwarya ta fashe, bakin sakainar yana da kaifi da zarto, in an haɗa biyun kuma sai su dace. Haka sabuwar karaya take. Ƙashin halitta kuwa bakinsa sumul yake kamar tsakuwar gulbi, da farin layi kewaye da shi. Na yaron nan duka biyu sumul suke.

Na biyu, ya dubi wurin da suke. Kowane ƙashin ƙari yana da mazauninsa sananne, likitoci kuma sun haddace su.

Na uku, ya dubi inda layin ya nufa. A gindin ƙashi na biyar, layin girma a tsaye yake, yana bin tsawon ƙashin. Layin karaya kuwa a gicciye yake zuwa, kamar an sari kara. Na yaron a tsaye yake, shekarunsa kuma sun yi daidai da lokacin fitowarsa.

Na huɗu, ya ajiye hoton, ya koma kan mai ciwon, domin mutum ake yi wa magani, ba hoto ba. Ya latsa kan ɓallin, yaro ya ce ba zafi. Ya latsa kan dunƙulallen, nan ma haka. Da ya taɓa naman da ke ƙasan idon sawu na waje, sai yaro ya yi ƙara.

In har yanzu da sauran shakka, akan ɗauki hoton ɗaya ƙafar, mai lafiya, a gwada su. Da aka yi haka sai ga ɓallin da dunƙulallen a can ma, ba bambanci. Likita ya ce, "Ka gani, Malam? Kama da wane ba wane ba ne. Ɗanka bai karye ba, targaɗe ya yi. Jijiyoyin da ke riƙe gaɓar ne suka ji ciwo." Aka naɗa masa bandeji ba da ƙarfi ba, aka ce ya huta, ya riƙa ɗora ƙafar bisa matashi. Bayan 'yan makonni ya koma dandali.

Wani lokaci hoton eksire ba ya raba gardama. Sa'an nan akan tura mai ciwo babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959. A manyan asibitoci akan sami waɗansu na'urori biyu. Ɗaya tana zagaya jiki da hasken eksire, kwamfuta ta fitar da hoton yanki-yanki kamar an yayyanka rogo. Wani Bature ɗan Ingila, Godfrey Hounsfield, ya ƙera ta, aka fara ɗaukar mai ciwo da ita a Landan a 1971. Ɗayar kuwa da babban maganaɗisu take aiki, tana nuna jijiya da guringuntsi da kumburin cikin ƙashi, waɗanda eksire ba ya nunawa.

Amfanin sanin wannan

Kuskure iri biyu ne. In aka ɗauki ƙashin halitta a kan karaya, sai a ja lafiyayyar ƙafa, a murɗa, a ɗaure da kara, yaro ya sha azaba a banza, ya kuma rasa makaranta. In kuwa aka ɗauki karaya a kan targaɗe, sai a bar yaro yana takawa, ƙashin ya kama a karkace, ya zauna da ɗingishi.

Abin da ya fi kowane haɗari shi ne ɗauri mai tsanani. Ƙafar da ta ji ciwo tana ƙara kumbura cikin kwana biyu na fari. In an ɗaure ta tamau, jini ba zai sami hanya ba. Yatsu su yi sanyi, su mutu, su soma baƙi. In ba a kwance da wuri ba, naman yakan ruɓe, har a kai ga yanke ƙafa. Yara da dama a arewacin Nijeriya sun rasa hannu ko ƙafa ta haka. Saboda haka duk wanda aka yi wa ɗauri, ko ɗori ne ko filasta, in ya ji zafi yana ƙaruwa, ko ya ga yatsunsa sun sake launi, kada ya daure ya yi shiru. Ya faɗa wa manya nan da nan, a garzaya da shi asibiti.

Ba kowace gurɗewa ke bukatar hoto ba. A shekarar 1992 waɗansu likitoci a birnin Ottawa ta Kanada suka tsara ƙa'ida mai sauƙi, wadda ake bi a ƙasashe da yawa. Ana yin hoto in mai ciwo ya kasa yin taku huɗu, ko in ya ji zafi sa'ad da aka latsa ƙashin idon sawu ta baya, ko ɗan jirgi, ko gindin ƙashi na biyar. Abin lura, wurare biyun nan na ƙarshe su ne inda ƙashin ƙari da layin girma suka saba zama. Shi ya sa karatun hoton sai wanda ya koya.

Wanda likita ya gaya wa yana da ƙashin ƙari, kada ya ji tsoro, kada kuma ya manta. In wata rana ya sake gurɗewa, ya faɗa tun da wuri, ya kuma nuna tsohon hotonsa in yana nan. Gani ya kori ji, amma gani ma sai da sani.

Tambayoyi

1. Ƙashi nawa ake ƙidayawa a ƙafa guda? Yaya aka raba su?
2. Wa ya gano hasken eksire, a wace ƙasa, a wace shekara?
3. Me ya sa ƙashi ke fitowa fari a hoto?
4. Faɗi wurare uku da ake samun ƙashin ƙari a ƙafa.
5. Me ya sa hoton ƙafar yaro ya fi na babba wuyar karantawa?
6. Ta yaya likita ke rarrabe karaya da ƙashin halitta?
7. Waɗanne alamu ne ke nuna ɗauri ya yi tsanani?